Jak Ko Matakalar Taya: Da Me Za Ka Daidaita Motar Tafi-da-gidanka A Wurin Zango?

Da wuya ka sami filin zango da yake shimfiɗe sumul. Masu tsara irin waɗannan wurare da gangan suke ɗan karkatar da ƙasa don ruwan sama ya sami hanyar wucewa, sauran kuma saiwar itace da sawun tayoyin waɗanda suka riga ka zuwa sun gama da shi. Saboda haka duk mai motar tafi-da-gidanka, wato motar nan mai ɗaki da gado da kicin da banɗaki a ciki, sai ya tanadi abin da zai daidaita ta da shi idan ya tsaya. Hanyoyin da ake bi huɗu ne: a hau da taya kan matakala ko katako, a ɗaga motar da jak na haidirolik, a ɗaga ta da jak na lantarki, ko a yi wasa da iskar da ke cikin balan-balan ɗin da wasu motoci ke zaune a kai maimakon sifirin. Masu sayar da kaya za su ce maka jak mai sarrafa kansa shi ne ƙarshen magana. Ni a ganina nauyin motarka da yawan tashinka daga zango zuwa zango su ne za su yanke hukunci, ba kyawun na'ura ba.

Kafin a kai ga zaɓi, yana da kyau a san me karkatar take ɓatawa, domin shi zai gaya maka iya daidaiton da kake bukata. Barci da kai a gangare, ƙofar banɗaki mai rufe kanta, ruwan wanka da ya taru a kusurwar da babu magudana, mai da ya gudu gefe ɗaya a kasko, duk waɗannan takura ce kawai. Abin da ke lalacewa da gaske shi ne firji, idan irin mai aiki da gas ne. Wannan firji ba shi da kwamfuresa. Zafi ne ke tafasa ruwan amoniya, tururin ya hau sama, ya huce, sannan ruwan ya gangaro ta cikin bututai masu ɗan lanƙwasa da nauyin kansa. Idan motar ta karkace da yawa, ruwan sai ya kwanta a wani lungu na bututun ya ƙi komawa tukunya, tukunyar ta yi zafi fiye da kima, sinadarin hana tsatsa da ke cikin ruwan ya daskare ya fara toshe hanya. Toshewar ba ta warwarewa, taruwa take yi kaɗan-kaɗan har ranar da firjin zai daina sanyi gaba ɗaya. A kan hanya babu wannan matsala, don girgizar tafiya ba ta barin ruwan ya kwanta. Ƙa'idar da kamfanin Norcold ya bayar ita ce kada karkatar ta wuce digiri 3 daga gefe zuwa gefen firjin, ko digiri 6 daga gabansa zuwa bayansa. A lura, firji yawanci a jikin bangon gefe yake yana kallon tsakiyar mota, don haka gefe da gefensa shi ne gaba da bayan motar. Ma'ana, karkatar motar gaba da baya ita ce ta fi tsauri. Wanda firjinsa mai kwamfuresa ne, kamar yadda ake sa wa sababbin motoci da yawa yanzu, wannan damuwa ta ragu masa sosai.

Ga ɗan lissafi da zai taimaka wajen sayen kaya. Karkatar digiri 1 tana nufin kimanin santimita 1.75 a kowace mita. Motar da tsakanin tayoyin gaba da na baya ya kai mita 4, irin tsawon da ake yawan gani a motocin da aka gina kan Fiat Ducato, digiri 1 zai bukaci ka ɗaga santimita 7, digiri 2 kuma santimita 14. Ta gefe abin ya fi sauƙi, don faɗin tsakanin tayoyi bai cika wuce mita 1.8 zuwa 2 ba, digiri 1 santimita 3 ne da 'yan kai. Wannan ne dalilin da ya sa gyaran gefe ba ya wahala da kowace irin hanya, amma gangaren gaba da baya yake saurin fin ƙarfin kayan aiki. Da yawa juya motar kawai, a sa hancinta inda bayanta yake, ya fi kowane jak amfani.

Matakalar taya ita ce mafi sauƙi, kuma ba na ganin akwai motar da ya kamata ta fita babu ita. Roba ce mai tauri da aka yi mata hawa-hawa, kamar na Fiamma da Milenco, tsayin yana farawa daga wajen santimita 4 ya kai 10 ko 16 gwargwadon samfuri. Akwai kuma bulo na roba masu shiga juna irin Lynx Levelers, da ake jerawa kamar dala, kowane layi na ƙara kimanin inci 1. Akwai mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, irin na Andersen, wanda ba shi da hawa-hawa, duk inda tayar ta kai daidai sai a tura weji a ƙarƙashinsa. Wanda bai son roba, katako mai kauri da aka yanka aka fere bakinsa yana yin aikin, sai dai nauyi da shan ruwa.

Alherin wannan hanya shi ne nauyin mota yana nan a inda aka ƙera shi ya zauna, wato kan taya da sifirin. Birkin hannu na aiki, casis ba ya murɗewa, babu batir, babu mai, babu abin da zai maƙale ya hana ka tashi da safe. Amma aikin yana son haƙuri. Za ka sauka ka duba lebur, ka ajiye matakala a gaban tayar da ke ƙasa, ka koma ka hau a hankali, mai taya ka yana ɗaga hannu, ka wuce hawan da kake so da ɗan kaɗan, ka dawo, ka sake. A mota mai giyar hannu kuloci ne ke shan wahalar, har wani lokaci ka ji ƙaurinsa. A kan jiƙaƙƙiyar ciyawa kuma, motar da ke ja da tayoyin gaba tana iya tura matakalar gaba ko ta harbo ta baya maimakon ta hau. Abu biyu ake yawan kuskurewa a nan. Na farko, dole duk faɗin tayar ya zauna a kan matakala, don idan rabi na lilo a iska, wayoyin ƙarfen da ke cikin tayar suna lanƙwashewa, lahanin kuma ba ya nunawa sai ana gudu a babban titi. Na biyu, motar da ke da taya bibbiyu a baya, duka biyun za a tallafa, ba ta waje kaɗai ba, in ba haka ba taya ɗaya ce za ta kwana da kayan biyu.

Abin da matakala ba ta iya yi shi ne hana mota rawa. Tunda har yanzu tana kan sifirin, duk wanda ya tashi cikin dare zuwa banɗaki sai kowa ya sani. Wannan ne ya sa ake maƙala wasu ƙananan jak masu kamar almakashi a kusurwoyin baya, ana sauke su da hannu ko da na'urar ɗaure kusa mai batir. A nan mutane da yawa suke yin ɓarna, don suna ganin jak sai su ɗauka na ɗagawa ne. Ba na ɗagawa ba ne. Aikinsu su taɓa ƙasa su ɗan ɗaure bayan an gama daidaita mota da wani abu. Ka tilasta musu ɗaukar nauyi, ko zaren ya cinye, ko hannun ya lanƙwashe, ko wurin da aka ɗaure su a jikin motar ya yage. Matakala haɗe da irin waɗannan masu hana rawa, ga ƙaramar mota, sun biya kusan duk bukata.

Jak na haidirolik wani mataki ne daban. Famfo ne mai aiki da batir 12V, da tankin mai, da bawul-bawul, da tiyo da ke kai mai zuwa ƙafafu huɗu da aka ɗaure a jikin casis. Akwai 'yar na'ura da ke jin karkata, ka danna maɓalli ɗaya, ƙafafun su sauka su taɓa ƙasa, su ɗaga ɓangaren da ke ƙasa har motar ta daidaita, cikin minti ɗaya ko biyu, kana zaune ruwan sama bai taɓa ka ba. A Amurka sunayen da aka fi ji su ne HWH da Lippert da Equalizer, a Turai kuma E&P da Goldschmitt da AL-KO. Da yake nauyi ya tashi daga kan sifirin ya koma kan ƙarfe, motar tana tsayawa cik kamar ginin ƙasa da siminti, babu rawa ko ana iska. Ga manyan motoci masu ɓangaren ɗaki da ke zamowa waje ta gefe, wannan tsayuwa ba ado ba ce, domin ɗakin yana gudu ne a kan layin da ke son a miƙe yake. Yawancin kamfanoni na cewa a daidaita mota kafin a fito da ɗakin, wasu ƙalilan na cewa akasin haka, don haka littafin motarka shi ne alƙali.

To amma inda gizo ke saƙar shi ne ƙarfin nasa. Jak ɗin da zai iya ɗaga tan da yawa zai iya ɗaga taya ta bar ƙasa ba tare da ya ji komai ba, na'urar kuwa lebur kawai take nema, ba ruwanta da taya. Birkin hannu a kan tayoyin baya yake kamawa, giyar tsayawa ma a yawancin manyan motoci ta baya take riƙewa. Idan ka tsaya bayan mota na gangare, jak ya ɗaga har tayoyin baya suka yi lilo, babu abin da ke riƙe da motar sai ƙafafun jak, su kuma an yi su ne don nauyi daga sama, ba don turi daga gefe ba. Motar na iya zamewa ta lanƙwasa su. Shi ya sa idan wuri na da gangare, a juya mota yadda gaba ne zai bukaci ɗagawa, kuma ko gaban ne, in tazarar ta yi yawa a fara hawa katako da taya, jak ya ƙarasa sauran. Ka ga ke nan wanda ya sayi jak bai rabu da katako ba.

Haɗari na biyu murɗewar casis ne. Ɗauki kwalin takalmi ka ɗaga kusurwa ɗaya kaɗai, za ka ga murfin ya daina zama daidai. Haka jikin mota yake yi: ƙofa ta ƙi rufuwa, kabad ya buɗe baki, a manyan motoci masu faffaɗan gilashin gaba har gilashin na iya tsagewa ko ya fita daga robarsa. Don haka ne aka tsara na'urorin su riƙa ɗaga ƙafafu bibbiyu, gaba tare, baya tare, ko gefe ɗaya tare, wasu motocin ma ƙafa uku aka yi musu, ɗaya a gaba biyu a baya. Idan kana sarrafawa da hannu kada ka yi wa ƙafa ɗaya dogon danni don ka ga kusurwarta ce ke ƙasa.

Sai maganar ƙasa. Tafin jak mai zagaye, mai faɗin santimita 20, yana da fili kimanin murabba'in santimita 314. Ɗora masa kilo 1,000, kowane murabba'in santimita na ɗauke da fiye da kilo 3. A kan siminti ba komai, amma a kan ciyawa bayan ruwa, ko yashi, ko kwalta da rana ta gasa, tafin zai nutse a hankali, ka kwanta a daidai ka tashi a karkace, wani lokaci ma laka ta riƙe shi ya ƙi komawa. Sa faranti na roba ko katako mai santimita 40 kowane gefe, nauyin ya bazu a murabba'in santimita 1,600, matsin ya ragu kusan ninki biyar. Wasu wuraren zango ba sa yarda ka sauke jak a kan kwaltarsu sai da irin wannan faranti. Faranti yana kuma rage tsawon da sandar jak za ta fito, gajeriyar sanda kuwa ta fi ƙarfi da rashin rawa. A wurin sanyi mai tsanani tafin ƙarfe kan manne da ƙasa idan ruwa ya daskare, farantin ne zai cece ka, don shi za ka iya bari ka ɓamɓare daga baya.

Nauyin na'urar kanta ma abin dubawa ne, musamman a Turai, inda lasin tuƙin ƙaramar mota ya tsaya a kilo 3,500. Motoci da yawa an gina su ne dab da wannan iyaka, abin da ya rage na kaya bayan an cika ruwa da gas da mutane ba shi da yawa. Famfo da mai da ƙafafu huɗu da ƙarafan ɗaurewa sukan kai kilo 50 ko fiye, kuma daga cikin kason kayanka za a cire. Ka je sikeli da motar a cike yadda kake tafiya da ita kafin ka yi magana da mai haɗawa. Ka kuma leƙa ƙarƙashinta, domin ƙafar jak ko ta naɗe tana ɗan leƙowa ƙasa da casis, motar da ke da dogon baya kuwa ta nan take gogar ƙasa a hawan jirgin ruwa ko mashigar da ke da tudu. Ga motoci masu ƙasa-ƙasa akwai ƙafa mai shiga cikin juna, akwai kuma mai naɗewa ta kwanta, sai dai mai naɗewar ta fi saurin kifewa idan mota ta motsa gaba ko baya.

Kulawarsa ba ta da yawa amma ba a yin sakaci da ita. A duba mai ƙafafu na naɗe, don idan suna waje man na cikinsu, za ka ga kamar ya ragu ka ƙara ya yi ambaliya. Da yawa man giyar otomatik suke sha, amma a bi abin da kamfani ya rubuta. A riƙa goge sandunan, musamman idan an daɗe a tsaye kusa da teku, tsatsa kaɗan a jikin sanda tana yanka sil, wato robar da ke hana mai fita, daga nan sai yoyo. Famfon yana jan wuta sosai, shi ya sa na'urori da yawa ke son inji na aiki kuma birkin hannu a ja kafin su motsa, raunin batir kuwa shi ne kan gaba a abubuwan da ke sa su tsaya a tsakiyar aiki. Kuma duk ƙarfinsa, ba a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. Tiyo ɗaya ya fashe, babu lokacin fita.

Jak na lantarki bai bukatar dogon bayani. Kowace ƙafa da ƙaramin injinta na lantarki da giyarta, tana juya zare ya sauko. Babu mai, babu yoyo, haɗa shi ya fi sauƙi tunda waya za a ja ba tiyo ba, kuma zare ba ya saki da kansa yadda bawul mai yoyo ke sa haidirolik ya sauka cikin dare. A ɗaya hannun, ya fi jinkiri, ƙarfinsa bai kai ba, kuma injin da giyar suna can ƙasa inda ruwa da laka da gishirin titi ke dukansu. Ya dace da matsakaiciyar mota. Ga babbar mota mai kamar bas, ban ga dalilin barin haidirolik ba.

Daidaitawa da iska kuma sai motar da dama can a kan balan-balan take, galibi manyan masu injin dizal a baya, ko ƙananan da aka cire musu sifirin aka sa balan-balan gaba da baya. Na'ura na rage iska a ɓangaren da ke sama ta ƙara a na ƙasa. Babu abin da ke taɓa ƙasa sai taya, saboda haka laka da kwalta mai laushi ba su dame ka ba, birki na nan, kuma a wurin da aka hana sauke jak kai ka wuce. Iyakarsa gajeriya ce, 'yan santimita ne balan-balan ke iya hawa da sauka, motar ba ta daina rawa ɗungurungum, kuma idan akwai ɗan yoyon iska kwamfuresa zai riƙa tashi yana cikawa, har da tsakar dare. Motar da ke da iska da jak duka biyu, akan sauke iskar tukuna motar ta zauna ƙasa, sannan jak ya fara daga nan, don kada matakin ƙofa ya yi nisa da ƙasa.

Idan motarka ba ta wuce kilo 3,500 ba, kana zama kwanaki a wuri ɗaya, kuma jikinka na ba ka damar durƙusawa, sayi matakala mai kyau da weji biyu, ka ƙara masu hana rawa in rawar na damunka, ka bar kilo 50 ɗin nan ga ruwan sha da kekuna. Minti goma sau ɗaya a mako bai kai a rataya wa mota famfo ba. Idan kuwa kusan kullum kana tashi, ko kai kaɗai kake tafiya babu mai ɗaga maka hannu, ko gwiwa da baya sun fara ƙorafi, haidirolik zai biya kuɗin sabulu ko a ƙaramar mota, muddin sikeli ya yarda. Mota mai nauyin tan 5 zuwa sama, ko mai ɗaki mai zamowa, ita kam zancen matakala kaɗai bai taso ba, robar da za ta ɗauki wannan nauyi ma sai an zaɓa, kuma hawa da sauka da irin wannan mota don neman santimita biyu wahala ce da ba ta da riba.

Wanda ya yanke shawarar sa jak, akwai abu biyu da zai nema ranar karɓar mota, kafin ya bar garejin. Ɗaya, a saita sifilin na'urar a gabansa. Na'urar ba ta san daidai ba sai abin da aka nuna mata, don haka a ɗora lebur na magina a ƙasan ɗakin ko a cikin firji, a daidaita da hannu har ƙwayar ta tsaya tsakiya ta gaba da ta gefe, sannan a adana wannan a matsayin sifili. In ba a yi haka ba, za ta riƙa kai ka karkace kullum tana nuna maka koriyar fitila. Biyu, a nuna masa yadda ake mayar da ƙafafu idan wuta ta mutu. Masu komawa da sifirin, buɗe bawul ake yi man ya koma tanki, sifirin ya ja ƙafar sama, wani lokaci sai an taimaka mata da sanda. Masu komawa da ƙarfin famfo kuma akwai wurin da ake juya famfon da na'urar ɗaure kusa, ko ƙaramin famfon hannu. Ya sa hannunsa ya yi da kansa sau ɗaya, ya ga inda bawul ɗin yake da girman sifanar da ke kama shi, ya sayi irinta ya ajiye a aljihun ƙofar direba.